Daga Illela Zuwa Bakin Teku: A Gina Mana Hanyar da Za Mu Ji Daɗin Bi

Tun watan Oktoban 2024 da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela ta dire Badagiri, hirar da ake yi a tasha da kara da teburin mai shayi ba ta wuce ta lissafi. Kilomita 1,068 ce, za ta ratsa jihohi bakwai: Sakkwato, Kebbi, Neja, Kwara, Oyo, Ogun da Legas. Kashin Sakkwato kilomita 120, na Kebbi 258. Kankare za a zuba, ba kwalta ba. Dillalin albasa yana ƙirga kwanakin da za su ragu tsakanin rumbunsa da kasuwar Mile 12 ta Legas, mai shanu yana tunanin dabbobin da ba za su ƙara galabaita a bayan tirela ba, mai gona kuma yana jiran ya ji zancen diyya. Duk lissafin nan daidai ne, don da shi ake ci da iyali. Dattawa kuma suna tuna cewa maganar hanyar tsohuwa ce, tun zamanin Shugaba Shehu Shagari ake jin ƙishin-ƙishin ɗinta, shi ya sa da yawansu suka ce sai sun gani da idonsu.

Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne abin da ke can ƙarshen hanyar, wato teku. In aikin ya tabbata yadda aka faɗa, yaron da aka haifa a Araba ko Gidan Hamma, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na tafki ba, zai iya shiga mota bayan sallar asuba ya yi isha'i yana jin ƙugin raƙuman ruwa. Ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ya kamata mu sa shi cikin abubuwan da za mu auna hanyar da su. Hanya ba ta kaya kaɗai ba ce. Mutane ne ke binta, kuma daɗin da mutum ke ji idan ya zauna a mota hankali kwance yana kallon ƙasar Allah tana wucewa haƙƙinsa ne, ko da kuwa kuɗin motar ma rance ya yi.

Mu mutanen iyaka rayuwarmu kan hanya take, amma mun saba ɗaukar tafiya a matsayin wahala zalla. Wanda ya dawo "sannu da hanya" ake yi masa, ba a tambayarsa me ya gani. Alhali ko wannan 'yar tsohuwar hanyar tamu ta Sakkwato zuwa Illela, mai kilomita 80 da 'yan kai, tana da abin kallon da zai ishi mai ido. A bi ta da kaka, da hantsi, lokacin da aka gama yankan gero. Da an bar birni an haye gulbin Rima, fadama ce shimfiɗe hagu da dama, masu shinkafa sun duƙufa, balbelu na bin sawun shanu. Bayan Kware ƙasa ta fara tashi, jan dutse ya bayyana, gonaki suka buɗe har inda ido ya gaza. Dammunan gero jere a bakin gona, amalanken shanu na jan su zuwa gida, yara zaune a bisa suna ɗaga wa kowace mota hannu. Gawo ya fara mayar da ganyensa daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Rumbunan ƙasa masu hular shuci sun kewaye kowane ƙauye, sababbin yaɓe suna sheƙi. Iskar da ke shigowa ta taga tana ɗauke da ƙamshin harawa da hayaƙin kara. Wanda ya yi wata da watanni cikin cunkoson birni, in ya shaƙi wannan iskar sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Kuma ƙasar ba shiru take ba, tarihi ne kwance a kanta. Gwadabawa gari ne na Muhammadu Maiturare, wanda ya riƙe wannan yanki yana Marafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Nan kusa, wajen Cimmola, Dagel take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna ya karantar har zuwa hijirarsa Gudu a 1804. In aka ƙetare iyaka aka bi gabas da Ƙwanni, wajen Galmi mai shahararriyar albasa, can Maratta take, inda aka haife shi a 1754. Dubban mutane na wuce waɗannan mararrabu kowane mako, amma da wuya ka ga allon kirki da zai ce wa baƙo ga inda kake. Yaranmu suna haddace sunayen a aji, suna wuce wuraren a mota suna gyangyaɗi.

Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwar Illela, hanyar kanta kasuwa ce. Tun daren Asabar garkuna ke gangarowa, raƙuma daga Adar da Azbin, raguna Balami da Uda masu rabin jiki fari rabi baƙi, Buzaye da rawunansu, 'yan kabu-kabu ɗauke da lodin da ya fi su tsawo. Ana cinikin naira ana cinikin sefa a rumfa ɗaya, da harshe ɗaya. Layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin Illela da Ƙwanni, suka yi ta gyara shi daga 1898 har 1906, bai hana kowa zuwa suna ko jana'izar ɗan'uwansa ba. Mai mota da ya rage gudu ya sauke gilashi a wannan rana zai kashe ƙwarƙwatar idonsa fiye da wanda ya biya kuɗi ya shiga gidan kallo.

Babban daɗin tafiya Kudu a mota shi ne ƙasa ba ta sauya maka lokaci guda. Mai jirgin sama ya tashi cikin ƙura ya sauka cikin laima, bai san yadda aka yi ba. Mai mota kuwa a gabansa ake yin komai. A tsohuwar hanya, daga Sakkwato sai Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega. Aduwa da bagaruwa su yi ta raguwa, ɗorawa da kaɗanya su karɓe su. A Yawuri ka riski kogin Kwara ya yi faɗi saboda madatsar Kainji da aka gama a 1968, jiragen kwale-kwale na kai da komo, mata na miƙo soyayyen kifi ta taga. Bayan Kwantagora daji ya yi duhu, doya ta fara bayyana tsibi-tsibi a bakin titi. A gadar Jebba kowa kan yi shiru ya leƙa ruwa da wannan dutse da ke tsaye tsakiyarsa. Daga Ilori zuwa gaba rufin kwano mai tsatsa ya maye gurbin soro, kwakwar manja da ayaba suka rufe ko'ina, gaisuwa ta sauya, tuwo ya koma amala. A kwana ɗaya ko biyu mutum ya karanci ƙasarsa da idonsa, ya gane dalilin da ya sa Bayarabe ke jiran albasarmu da tumatirinmu, mu kuma muke jiran goronsa da manjansa. Tafiya mabuɗin ilimi, in ji Hausawa, kuma Alƙur'ani ya sha kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa da lura da abin da ke cikinta.

Wani abin sha'awa, haɗin Badagiri da Sakkwato ba yau ya fara ba. A ƙarshen 1825 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka Badagiri tare da baransa Richard Lander, suka yo arewa ta ƙasar Oyo da Busa da Kano har suka iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A nan Clapperton ya mutu a watan Afrilun 1827, Lander ya koma Badagiri da takardun maigidansa. Ba su suka fasa hanyar ba. Sawun fatake suka bi, waɗanda suka daɗe suna kai kanwa da fata da tufafi Kudu suna komowa da abin da ƙasarmu ba ta da shi. Abin da ya ci wa waɗancan watanni ne ake cewa za mu yi a yini guda.

Ita gaɓar tekun, wanda bai bi ta a mota ba da wuya a kwatanta masa. Mafi kyawun yankin da na sani shi ne wanda ya fara daga Seme ya bi Kwatano, ya wuce Wida, ya kai Garan Popo, ya shiga Togo ta Aneho har Lome. Akwai wuraren da titin ke tafiya kan ɗan siririn tudun rairayi, teku a hagunka, a damanka kuma ruwan tafki kwance lamo, masunta tsaye cikin kwale-kwale suna jefa birgi. Kwakwa jere dubbai, duk sun karkata gefe guda saboda iska. Can ka hango mutum talatin ko fiye, maza da mata da yara, sun kama igiyar taru ɗaya suna ja daga teku, suna waƙa don ƙafa ta zo daidai. Iskar tana da danshi da ɗanɗanon gishiri, ta lafe a fata, ta sa leɓen da hunturu ya farfasa ya yi laushi. A Lome babban titin gari ma bakin ruwa yake bi har iyakar Gana a Aflawo, manyan jiragen dakon kaya jere can nesa suna jiran layin shiga tasha.

A wata tafiya da na yi ta nan, motar haya muka shiga daga zangon Kwatano, direbanmu mutumin Dogon Dutsi. A gidan gaba akwai wani dattijo daga wajen Gada da zai je ganin ɗansa a Lome, bai taɓa zuwa Kudu ba. Tun da muka taso carbinsa yake ja, bai ce uffan ba. Da muka wuce Garan Popo itatuwa suka yi sarari, ruwan ya bayyana gaba ɗaya, shuɗi har ya haɗe da sama. Sai ya dafa hannun direba.

"Ɗana, don Allah ɗan tsaya."

"Lafiya dai, Baba?"

"Lafiya lau. So nake in ga ikon Allah da kyau."

Ba wanda ya yi ƙorafi cikinmu. Direba ya gangara gefe ya kashe mota, ya ce, "Baba, a yi hankali, ruwan nan yana ja, kada a wuce idon sawu." Dattijo ya cire takalmansa, ya naɗe ƙafar wando, ya taka rairayin a hankali har inda kumfa ke iyaka. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya yi dariya har da ƙyaƙyatawa. Daga nan ya tsuguna ya yi alwala cikakkiya. Da ya dawo ya ce mana tun yana yaro a zaure ya karanta a Risala cewa ruwan teku mai tsarki ne kuma ana tsarki da shi, yau ga shi Allah Ya nufa ya aikata karatunsa. Wata mata da ke bayanmu ta sayo ɗanyar kwakwa a wurin wata yarinya, aka sare kanta da adda, ta miƙa masa ta ce, "Baba, a wanke gishirin." Tsayuwar ba ta ɗauke mu wani lokaci ba, amma daga nan har Lome motar ta zama ta 'yan gida ɗaya, kowa na ba da labarin ranar da ya fara ganin teku. Da yawan alhazanmu ma a Jidda suka fara ganinsa, ta tagar bas, ba su samu wanda zai tsaya musu ba.

Wannan tsayuwar ita nake nufi idan na ce daɗin tafiya. Tana bukatar abu uku: wurin da mota za ta iya gangarawa, direban da ba a takura shi ba, da zuciyar da ba ta cikin tsoro. Duka ukun mun rasa su a hanyoyinmu na Arewa.

Tsoro ne kan gaba. Yau wanda zai bi wasu hanyoyin gabashin Sakkwato sai ya yi sallama da iyalinsa irin ta wanda bai da tabbacin dawowa. Ba mu manta da watan Disamban 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tare motar fasinja a yankin Sabon Birni suka cinna mata wuta, mutum fiye da ashirin suka ƙone. Ta yamma kuma, wajen Tangaza da Gudu, ga 'yan bindigar Lakurawa. Wanda zuciyarsa ke dar-dar ba ya kallon gawo, duhuwar da ke bayan gawon yake kallo. Direba ba zai tsaya maka ko fitsari ba sai cikin gari, kuma da gaskiyarsa. Daji da muka taso muna sha'awa ya zama abin da ake rufe ido a wuce da gudu.

Sai shingaye. Duk mai bin hanyar iyaka ya san yadda ake yi: mota ba ta gama ɗaukar wuta ba sai birki, an gindaya gungume ko tsohuwar taya, direba ya miƙa hannu ta taga, a wuce, can gaba kaɗan a sake. Ba na musun cewa iyaka tana bukatar tsaro, mu ne ma muka fi kowa bukatarsa. Amma binciken da ba a buɗe but, ba a dubi fuskar kowa ba, ba tsaro ba ne. Yana cin lokaci, yana cin mutunci, kuma kuɗin a kan fasinja yake ƙarewa. Na taɓa ganin an sauke wata tsohuwa da ƙullin garin rogonta an tsayar da ita a rana, mu duka muna kallo ba mai iya magana. Daga wurin har muka isa ba wanda ya ƙara sha'awar duban waje.

Ga kuma rufe iyaka. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disamban 2020, a tsakanin nan har aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame ta har watan Maris na 2024, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa a cikinsu. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota. Sakamakon haka direba ya koma cusa mutum biyu a gidan gaba, huɗu a baya, wani lokaci har da na but, don in bai yi haka ba ba zai mayar da kuɗin mai ba. Matasanmu masu tafiya ci-rani kuwa saman tirela suke hawa, kan buhunan albasa ko kan katakon da aka gitta bisa shanu, cikin rana da sanyin dare, kuma in motar ta faɗi su ne labarin da ake karantawa da safe. Waɗannan yara sun ratsa Nijeriya daga kai har ƙafa fiye da kowane mai kuɗi, amma ba su taɓa jin daɗinta ba.

Na san za a ce mini wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da kallon kwakwa. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai duk abin da ke sa tafiya ta yi daɗi shi ne kuma ke sa ta zama lafiya. Wurin hutawa mai inuwa da ruwa shi ke hana direban tirela barci a kan sitiyari. Hanyar da mace za ta bi da 'ya'yanta ba fargaba ita ce hanyar da ɗan kasuwa zai bi da kuɗinsa. Inda matafiya ke tsayawa don nishaɗi nan mai fura da mai tsire da mai faci da bakanike ke samun abinci. Kuma ban yarda cewa talaka ba ya son abu mai kyau ba. Dattijon Gada ba attajiri ba ne. Wanda ya ga yadda mutanen ƙauye ke cika mota zuwa bikin kamun kifi na Argungu, ko yadda yara ke tururuwa kallon hawan salla, ya san sha'awar kallo ba ta tambayar aljihu.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane haka. A Ostireliya, sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ne suka sassaƙa wata hanya ta bakin teku tsakanin 1919 da 1932, kimanin kilomita 240, don tunawa da 'yan'uwansu da suka mutu, yau kuma garuruwan da ke kanta da baƙi suke rayuwa. Nowe ta ware hanyoyi 18 ta ƙawata su da wuraren tsayawa da bayan gida da dandamalin hangen nesa, don kawai matafiyi ya sauka ya more ƙasar. Amma ba sai mun je nesa neman darasi ba. Kakanninmu fatake ba su taɓa tsara tafiya babu zango ba. Madugu ya san inda ayari zai kwana tun kafin a ɗaura wa jaki kaya: inda rijiya take, inda inuwa take, inda za a samu ciyawa da wanda zai sayar da abinci. Hanyar Gwanja ta goro da zango-zango aka san ta, kuma da yawan unguwannin Hausawa na Gana da Togo da Benin daga nan suka samo asali. Mutanen da suka san wannan tun kafin zuwan mota bai kamata a shimfiɗa musu kankare kilomita dubu babu wurin sauke gajiya ba.

Don haka ga abin da nake roƙon wakilanmu da sarakunanmu da ƙungiyoyin direbobi su nema tun aikin bai yi nisa ba, don abin da ba a sa cikin zane ba da wuya a ƙara shi daga baya. A yi zango na gaskiya a tazarar da ta dace, mai rijiyar burtsatse da masallaci da wurin ajiye manyan motoci daban da na ƙanana. A yi bayan gida mai tsafta na mata. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin iyayenmu da matanmu kan ƙi shan ruwa tun daren tafiya don gudun inda za su tsuguna, su yini da ƙishirwa cikin zafin bazara, kuma ba mai maganar saboda kunya. A ware wa mutanen garuruwan da hanyar ta ci gonakinsu rumfuna a waɗannan zanguna, kada a kewaye titi da shinge a bar su suna kallon arziki na wucewa. A yi wa dabbobi da amalanke mashiga ta ƙarƙashi a inda burtali ya gitta, in ba haka ba hanyar za ta raba manomi da gonarsa, kuma za a yi ta asarar rayuka.

A kuma dasa itace. Tsofaffin hanyoyin En'e da aka jera wa maɗaci da dogon yaro har yau wanda ya shiga inuwarsu yana sa wa masu dashen albarka. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, to me zai hana a haɗa shi da wannan aiki, a jera gawo da dogon yaro da kuka tun daga Illela har iyakar Kebbi, a ɗauki matasan kowane ƙauye aikin ban ruwa da tsaro har su kama? Kankare tsirara cikin zafin Afrilu ba abin marmari ba ne.

Can ƙarshen hanyar ma akwai abin lura. Ana gina wata babbar hanyar ta bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, kimanin kilomita 700, wadda aka fara a 2024 aka yi ta ce-ce-ku-ce kan kuɗinta da gine-ginen da aka rushe. Ba zan shiga wannan gardama a nan ba. Damuwata ita ce gaɓar Legas tana ta kuɓuce wa talaka. Bar Beach da kowa ke zuwa kyauta a da, an cike wurin an gina Eko Atlantic, sauran wurare da yawa kuma sai ka biya a ƙofa kafin ka taka rairayi. In ɗan Illela ya yi tafiyar yini guda ya tarar da katanga da mai karɓar tikiti tsakaninsa da ruwa, an rage masa wani abu. Badagiri tana da gaɓa mai faɗi, tana da tarihi mai ɗaci na cinikin bayi da ya kamata 'ya'yanmu su gani su sani, har da tsibirin Gberefu inda ake fitar da mutane zuwa jirgi. A bar wa jama'a fili a can wanda ba na kowa ba.

Mu ma nan gida akwai namu aikin da ba sai mun jira Abuja ba. Tafkin Kalmalo yana nan kusa da garin Illela. Manya suna ba da labarin lokacin da yake cike da kifi da tsuntsaye, kafin ruwan Magiya da ke ciyar da shi ya ragu bayan fari da madatsun da aka yi a Zango da Mozage cikin Nijar. Zancen farfaɗo da shi zance ne na ƙasashe biyu, ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tayar da shi. Kafin nan, ƙaramar hukuma za ta iya gyara hanyar zuwa wurin, ta kafa alluna a mararrabar Dagel da sauran wuraren tarihi da Hausa da ajami da Faransanci saboda baƙinmu na ƙetare. Makarantu su riƙa ɗaukar ɗalibai a bas ko sau ɗaya a shekara, a kai su Wurno su ga hubbaren Muhammadu Bello, a kai su madatsar Goronyo su ga ruwa, malami yana nuna musu abin da ke wucewa ta taga. Shugabannin tasha kuma su sa doka a kan lodin mutane a saman tirela, su tsaya a kanta, ko da za a ƙara wa buhu wani abu don a sama wa yaran nan kujera a cikin mota.